Ƙasa ce ya bauta wa, ba kasa ba

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Na faɗi wannan ranar da aka bugo mini waya cewa Kawu ya cika, na sake faɗa a bakin kabari, kuma na yarda da shi har cikin raina. Da mutuwar ba ni da rigima. Mutum ya haura saba'in, ya yi jinyar mako biyu, ya tafi da kalmar shahada a bakinsa, me kuma ya rage? Rigimata da masu ta'aziyya ce.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gidansa, can garinmu gefen Tama. Gero ya fitar da kai, hadari yana haɗowa yana wucewa. Kowa ya zo da irin nasa. Wani da ya cire yaransa biyu daga ajin Kawu a shekara ɗaya ya zauna kusa da ni yana share ido da hannun riga, wai ba za a ƙara yin irinsa a ƙasar Adar ba. Wani ɗan kasuwa da ya taɓa cewa a gaban jama'a ajin Kawu ɓata lokacin yara ne, shi ya fi kowa ɗaga murya wurin amin. Kukan mata daga cikin gida ya fi gaskiya, don su ba su zo da jawabi ba. Ni dai ina karɓar hannu ina cewa Allah Ya ba da lada.

Rana ta uku mota ta zo daga ofishin ilimi da mutum uku. Babban cikinsu ya miƙe da takardar yabo a cikin gilashi, ya karanta da Faransanci, jama'a suna gyaɗa kai don ladabi. A ƙasan takardar an ƙara layi ɗaya da Hausa, wai don girmama aikin mamaci. Mutumin nan Ba'adare ne, Bahaushe uwa da uba, amma da ya iso layin sai ya tsaya yana motsa leɓe. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga abin da aka rubuta: Allah ya djikan Mouché, ya baouta ma kasa. Ya yi ta maza ya karanta shi yadda ya gan shi.

A wajenmu malamin lakkol, wato makarantar boko, mushe ake ce masa, daga kalmar Faransawa ta girmama namiji. Amma mushe a Hausa kowa ya san shi, dabbar da ta mutu ba yanka. Kawu bai taɓa amsa sunan nan ba. In baƙo ya kira shi da shi, sai ya ce a jira ungulu ta zo ta amsa. Kasa kuma maciji ce. Kawu ɗan gidan Azna ne, masu addinin gargajiya, tun yana yaro ake yi masa gorin kakanninsa sun bauta wa maciji, ko da yake shi ke jan salla in liman ba ya gari. To ga abin da hukuma ta zo ta karanta a kan tabarmar makokinsa.

Wani tsohon ɗalibinsa, manomin albasa ne yanzu, ya gyara zama ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙasa ta ko kasa? Don in kasa ta, mu nan kashe ta mukai."

Babban ya yi ƴar dariya, ya ce injin ofis ne ba shi da harafi mai ƙugiya, ai dai an gane. Ai an gane. Shekara talatin Kawu ya yi yana faɗa da maganar nan.

Da iyakar abin ke nan da na haɗiye. Amma kafin motar ta juya sun ja darakta, shugaban makarantar garinmu, gefe sun gaya masa an canza wa malamin ajin farko wurin aiki, kuma ba su da wani da ya yi horon koyarwa da harshe biyu da za su turo. In ba a samu ba kafin a koma karatu da kaka, ajin zai koma Faransanci zalla kamar na sauran garuruwa. Ajin da Kawu ya kafa ke nan, ya riƙe shi har ya yi ritaya, ya ci gaba da zuwa yana zama a bayansa ba albashi. A mota ɗaya aka kawo yabon da labarin rufe shi.

Bari in faɗi abin da ake yi a ajin, don na lura mafi yawan masu zaginsa ba su taɓa leƙa shi ba. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya shigo, ana koya masa karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa. Faransanci yana shigowa tun ranar farko, amma da baki, gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwa. Kowace shekara ana ƙara masa wuri, har a aji na huɗu su yi kunnen doki, a na shida ya zama shi ke gaba. Iyakar abin ke nan. Ba a hana kowa Faransanci ba.

In manoma suka tambayi Kawu dalili, ba ya kawo musu sunan littafi. Sai ya tambaye su ko akwai wanda ya taɓa watsa irin albasa kai tsaye a fadama ya ga amfani. Su ce a'a, sai an yi gadon iri, ta yi ƙarfi, sannan a dasa. Sai ya ce to ai sun gama ba kansu amsa. Koyon karatu kaya ne, koyon baƙon harshe wani kayan ne, kuma ko jaki ba a aza masa mangala biyu ranar da aka fara horonsa.

Shi ya san nauyin kayan, don ya ɗauka. Lokacin da aka ce kowane gari ya ba da yara lakkol, masu gari suka ɓoye nasu suka miƙa ɗan Azna. Aka kai shi lakkol a garin Buza. A zamaninsu duk yaron da ya yi Hausa a aji ana rataya masa sambol, wani muƙamuƙin akuya da aka zura wa igiya, kuma wanda yamma ta yi da shi a wuya shi zai sha bulala. Kawu ya ce a makonsa na farko fitsari ya matse shi, bai san yadda ake roƙon fita da Faransanci ba. Ya roƙa da Hausa aka rataya masa ƙashin, ya yi shiru har ya jiƙa wando. Yana ba da labarin yana dariya, amma ban taɓa jin ya kai ƙarshensa da dariyar ba. Ya ce shekara biyu ya yi bakinsa yana faɗin abin da kansa bai sani ba.

Ba waliyyi ba ne, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Kawu mafaɗaci ne, ga taurin kai, ga shiga abin da ba a sa shi ba. Alli ba ya rabuwa da aljihunsa. Ya taɓa tsayar da mu a kasuwar Tamaske, rana tsaka, don wani tela ya rubuta a ƙofar shagonsa Tchi da goumin ka. Kawu ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta Ci da guminka, ya tsaya yana yi wa telan bayanin haruffa nawa ya yi asara a banza. Telan ya ce, "Baba, ɗinki za ka yi ko wa'azi?" Ni na ja shi muka tafi, har muka hau mota yana mita.

Littattafai kuwa, an turo su shekarun farko, daga baya suka riƙa zuwa kamar ruwan bazara, sannan suka ɗauke. Sai ya koma buga darussa da kansa a wani tsohon keken rubutu da ya samo a Madawa. Keken na Faransawa ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. In ya gama bugawa sai ya baje takardun a tabarma bayan la'asar, ya bi su da alƙalami ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. A gidansa na tashi tun rasuwar mahaifina, don haka ni ma na sha wannan aiki. In na tsallake guda na ce ai an gane, sai ya tambaye ni ko bara da ɓara ɗaya ne, ko in an aike ni sayen ƙarfe in dawo da me. Ba ya duka. Tambaya yake yi har ka gwammace dukan.

Iyaye ba su bar shi ya huta ba. Kowace shekara sai an tayar da maganar. Su ce Hausa ai a nono yaro ke shan ta, ba a kai shi lakkol don ya koyi abin da uwarsa ke faɗa a bakin murhu. Su ce jarrabawa da Faransanci ake yi, aikin gwamnati da Faransanci ake ba da shi, asibiti da kotu duk haka. Su ce in abin kirki ne, me ya sa ba a yin sa a makarantun da ƴaƴan manya suke? Tambayar ƙarshen nan ita kaɗai ke sa shi shiru. Ya san gaskiya ce, kuma ba shi ya jawo ta ba. Waɗanda ke zuwa taron bita su ci abinci su tafa wa harsunan gida, da an tashi sai su je su ɗauko yaransu daga makarantar kuɗi inda ko sannu ba a cewa. Wanzami ba ya son jarfa. Talaka kuwa ba makaho ba ne, yana kallon inda mai ba shi shawara ke kai nasa ɗan.

Amma shekarar da yaran ajinsa na farko suka je jarrabawa suka ɗara na garuruwan da ke kewaye da mu, har a Faransancin, ba wanda ya zo ya ce Malam mun yi kuskure. Cewa aka yi shekarar ce ta zo da sauƙi.

Akwai wata mata a unguwarmu da mijinta ya tafi biɗar kuɗi Abijan, kamar rabin mazan garin, ya daɗe bai dawo ba. Duk saƙon da za ta aika masa sai ta je wurin mai rubuta wasiƙa a kasuwa ta faɗa, shi ya juya shi zuwa Faransanci, can kuma mijin ya nemi mai karanta masa. Kafin magana ta isa, baki huɗu sun tauna ta. Rannan ta zo wurin Kawu tana kame-kame, wai tana da maganar da ba ta kasuwa ba ce, ko zai rubuta mata. Ya ƙi. Ya ce shi ma ai kunne ne da shi, ta koma gida akwai marubuciya a ɗakinta. Ƴarta tana aji biyu a lokacin. Ya ba ta takarda da ambulan, ya ce a can ma akwai ɗalibansa a cikin ƴan garinmu, ta zaɓi wanda ta amince da shi ya karanta. Mijin ya dawo kafin damina. Har yau ban san me ke cikin wasiƙar ba, Kawu ma bai sani ba, kuma abin da ya fi yi masa daɗi ke nan. Matar tana cikin waɗanda suka kwana uku a gidan makoki suna daka.

Yanzu ana cewa ga waya, kowa ya danna ya yi magana, me za a yi da rubutun Hausa? Ban san ranar da waya ta koya wa yaro raba goma sha biyu gida uku ba.

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Na hango na kowa, saura nawa.

Ni ma malami ne. Ajin Kawu ne ya yaye ni, Kawu ne ya tura ni makarantar horon malamai, shi ya yi ta kai da kawowa har aka sa sunana cikin waɗanda aka horar don koyarwa da harshe biyu. Takardar tana nan cikin akwatina. Amma da na samu wuri a cikin garin Madawa, ga lantarki ga famfo, sai na riƙe ajin Faransanci na yi shiru. Ƴata kuma na sa ta a makarantar kuɗi. Na gaya wa kaina don ta fi kusa da gida ne.

Da bazarar bana muka je gaishe shi da ita. Yana ganinta ya fara tsokanar jika, wai amaryarsa ta zo ba ta kawo masa ko tuwo ba. Ya ɗauko allo ya rubuta mata kalma biyu, ci tuwo, ya ce ta karanta wa mijinta. Yarinya tana aji huɗu, ta fi kowa maki a ajinsu. Ta duba, ta ce si, ta tsuke baki irin na Faransanci ta fara tii, sai ta tsaya ta dube ni. Kawu ya shafa kanta ya ce amarya ta yi ƙoƙari, ta shiga ciki a ba ta fura. Da ta shige ya juyo.

"Kai ma?" ya ce.

Na fara jero dalilai. Ya bar ni har na ƙare, sannan ya gaya mini ya ji ƙishin-ƙishin za a ɗauke malamin ajin farko, kuma in an ɗauke shi ba za a turo wani ba. Ya ce lokacin neman canjin wuri bai wuce ba, in rubuta takarda in nemi garinmu. Na ce masa matata tana da ciki, gidan malamai na ƙauye ya zube, a bar ni zuwa baɗi.

"Baɗi ɗiyan bana sun wuce," ya ce. "Yaro ba ya shekara shida sau biyu. Ni ban roƙe ka don kaina ba, na gama nawa. Tahi abinka."

Na tafi ina fushi, wai ya ci mini fuska. Ban sake zuwa ba sai da aka ce yana kwance, lokacin kuwa magana ta yi masa wuya. Ya riƙe hannuna, bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na ɗauka ya yafe. Watakila ya yafe ɗin, amma ni na san gajiya ce ta fi yawa.

Bayan sadakar bakwai darakta ya tara iyaye a gindin gawon makaranta ya faɗa musu halin da ake ciki. Wasu suka ce dama haka suke so. Na miƙe na zazzage musu duk abin da ke cikina tun ranar farko. Na ce da bakin da suka zage shi da shi suka yi masa addu'a, na ce sun karɓi takardar da ta kira shi mushe sun rataya a zaure. Sai ƴar Kawu ta yi gyaran murya daga wajen mata. Tare muka tashi a gida ɗaya, ƙanwata nake ce mata, kuma ƴarta ta fari bana za ta shiga ajin farko.

"Yaya, mun ji," ta ce. "Ɗiyarka wace lakkol take? Kuma malamin da anka ce babu, kai mi anka koya maka?"

Ba ta ɗaga murya ba. Na koma na zauna.

Washegari na rubuta takardar neman canjin wuri na kai ofis da hannuna. Sakataren ya karɓa da mutunci, ya yi mini ta'aziyya, ya ce an rufe karɓar irin wannan tun farkon damina, jerin sunaye ma ya riga ya fita. Na roƙa a duba, na je sau uku, na ga babban da ya karanta mana takardar yabo. Ya ce shi ma abin yana damunsa ƙwarai, in sake nema baɗi. Kalmata ce ya mayar mini, ba ni da bakin yin gardama.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa kowace ƙugiya da ya ɗora wa harafi ta zama masa nauyi a mizani. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri. Mu da ya bari kuma, ban san wace addu'a ta dace da mu ba.

Ranar da aka koma karatu na nemi izini na hau babur na je garinmu. An yanke gero, an kafa rumfar ajin farko da sabon kara kamar kowace shekara. Malamin da aka turo saurayi ne daga kudu, ba shi da laifin komai, abin da aka koya masa yake yi. Ban shiga ba, na tsaya daga waje inda karan ya yi tazara. Yana bin yara ɗaya bayan ɗaya yana tambayar sunansu da Faransanci, yana nuna ƙirjinsa yana maimaitawa. Wasu suna maimaita tambayar a matsayin amsa, wasu suna kallon ƙasa. Ya iso kan ƴar ƙanwata, tana zaune a bakin tabarma da sabon allo a cinya, kitsonta na jiya. Yarinya ce mai surutun da ke hana gida barcin rana. Ya tambaye ta sau biyu, ta yi tsuru. Sai idonta ya faɗo kaina ta tsakanin karan, ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kawu, mi yac ce?"

Na waiwaya in ga wanda take kira. Babu kowa a bayana.